Mai Shayin Gidan Khairiyya

Khairiyya ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko a rumfarta ta atamfa a kasuwar Bab Makka, tana auna yadi tana tsoma baki a cinikin maƙwabta. Haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazan Kano, kuma cikakkiyar 'yar ƙasa. Shekarar da aka ce mata ma za su jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar gari, ai sai abin nema ya samu. Falonta a unguwar Mahjar ya koma matattarar mata: wace ce ta yi rajista, wa zai kai su, tunda lokacin mace ba ta tuƙi.

Mai dafa musu shayi aminiyarta ce, Salamatou 'yar Damagaram, wadda ta zo umra ta zarce. Ba iƙama, takardar izinin zama, balle ƙuri'a, amma baki kam akwai. Kullum sai ta gaya musu mace da neman kujera ba tarbiyya ba ce. Ga shi da sakin hannu take salla, ta kuma zauna jan wazifarta ta Tijjaniyya a gaban kowa.

Wannan ya tsaya wa Nuha a rai, 'yar takarar da suke wa aiki. Ta ja Khairiyya gefe ta ce za a kira su 'yan bidi'a, ƙuri'u su watse. Ko a sallami tsohuwar, ko su ɗauke taron da motocinsu.

Khairiyya ta wuni tana kai da kawowa, abinci ya gagara. Wallahi tana son zaɓen nan kamar ranta. Da suka taru ta ce, "Mu da ke kukan an hana mu magana, mu ne za mu toshe bakin wata? Halas, magana ta ƙare, Salamatou tana nan."

Su Nuha suka kwashe, har da motocin.

Ranar zaɓe Khairiyya ta tsaya bakin titi cikin abaya, duk motar hayar da ta tsayar da mutum a ciki. Ta haura, ta gangaro, takaici kamar ya kashe ta. Sai ga Maman Lawali, ƙanen Salamatou da ke aikin tuƙi a unguwar Abhur, ya taka birki gabanta. Yayarsa na baya da carbi, ita ta taso shi daga aiki.

"Har yanzu ban ga alherin abin nan ba," in ji Salamatou. "Yalla, shiga kafin a rufe."

Khairiyya ta shiga tana share hawaye da gefen mayafi. Kuma duk da haka, da ta je, Nuhar ce ta jefa wa ƙuri'arta.