Hannun Baba na Dama

Wata Laraba ce cikin watan Rajab, a ƙarshen shekarun 1990. Ina da shekara goma sha shida, ina aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata da ke Harra ta Yamma a Madina. Darasin ƙarshe ne kafin hutun Alhamis da Juma'a, kowa hankalinsa ya yi gida, sai ga wata doguwar mace baƙa ta shigo riƙe da jakar leda. Aka ce mana sunanta Abla Rabi, ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a ɓangaren mata na wani asibiti, kuma makaranta ta gayyato ta ne don ta riƙa koya wa masu sha'awa share fagen wannan aiki. Mu goma sha biyu muka ba da suna. Ta zazzage jakar a kan tebur, sai ga cokali da soso da ƙwallon roba da wata tsohuwar riga mai maɓallai. Ta ce kowacce ta mayar da hannun dama bayanta, ta ɓalla maɓalli ɗaya da hagu. Nan take aji ya kaure da dariya, wannan ta kama riga da haƙori, waccan ta danne ta da haɓa. Ni ban yi dariya ba. Mako uku ke nan ina kallon mahaifina yana wannan faman kowace safiya.

Baba tela ne. Daga Katsina ya zo tun yana saurayi, ya samu aiki a wani shagon ɗinkin jallabiya a unguwar Sultana, a nan ya yi fiye da shekara ashirin. A Madina aka haife mu, ni da ƙannena mata biyu, a gidan haya mai hawa uku, mu ne a can sama. Ƙuruciyarmu duk a kan rufin gidan nan muka yi ta. A nan muke shanya, a nan muke zuba wa tattabarun maƙwabta ragowar shinkafa, a nan muke 'yar carafke da baƙaƙen duwatsun da muke tsintowa a bakin hanya. Umma tana yi mana magana da Hausa, mu amsa da Larabci, ta yi tsaki ta ce, "Kun zama kurame a harshen uwarku." Baba kan dawo bayan azahar da burodin tamis mai zafi a naɗe cikin takarda da damin na'ana'a, ƙwayar zare duk ta manne masa a riga. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Ummi. Bai cika haɗa ido da ni ba, ni ma haka. Idan na kawo masa shayi, a gefe nake ajiyewa in juya.

Ranar da abin ya same shi muna karin kumallo ne. Kofi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, maganarsa ta yi nauyi. Muka ɗauka gajiya ce, domin aikin ya yi masa yawa a makon. Umma ta shafa masa man habbatus sauda, ta ba shi zamzam, muka kwantar da shi muna yi masa fifita. Sai bayan la'asar abokin aikinsa Malam Idi, mutumin Maraɗi, ya zo jin abin da ya hana shi fita. Yana ganinsa ya yi salati, ya sauka a guje ya nemo maza biyu, suka ɗauke shi a kan kujera zuwa mota. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, aka kuma tambaye mu me ya sa ba mu kawo shi tun da safe ba. 

Bayan an tashi daga darasin nan na farko, na tsaya har kowa ya fita. Na ji Abla Rabi ta yi wa kanta magana da Hausa tana tattara kaya, sai na yi ƙarfin hali na gaishe ta da Hausata mai gargada. Ta ɗago da mamaki ta ce, "Ke 'yar gida ce ashe?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta zaunar da ni, ta saurari labarin duka, ta tambayi tun yaushe, da ko yana jin taɓawa, da ko yana iya ɗaga kafaɗa. Daga nan ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake tallafe gwiwar hannu, yadda ake miƙar da yatsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an fizga ba, da yadda ake sa matashi don kada kafaɗa ta saki.

Wahalar farko ita ce in taɓa shi. Umma ce ta yi masa bayani, ya kalli bango, ya gyaɗa kai. Na durƙusa a gabansa na ɗauki hannun nan da na saba gani yana gudu a kan yadi, sai na ji shi da nauyi da sanyi kamar ba a jikin mutum yake ba. Kowace safiya kafin motar makaranta ta zo, da kowace yamma, haka muke yi. In naɗe hannun in miƙe sau goma, ina ƙirgawa a fili, shi kuma yana kallon taga. Abin da duk aka koya mana ranar Laraba, a ranar nake gwada shi a gida. Na naɗa tsumma a ƙotar cokali ya yi kauri don ya riƙu. Na zuba wake a kwano na ce ya tsinta. Na jera kujeru daga ɗaki zuwa banɗaki don ya riƙa dafawa. Asibiti sun ba shi ranakun zuwa, amma saukar da shi daga hawa na uku sai an sami maza, mazan kuma kowa yana wurin aikin mai gidansa, saboda haka sau da yawa ranar takan wuce yana zaune da hularsa yana jira.

Akwai kuma abin da babba da yaro suka sani amma ba a faɗa a gabansa. Igamar Baba, wato takardar izinin zamansa, a kan aikin shagon nan take, mu ma duk a ƙarƙashinta muke. Mai shagon ba mugu ba ne, ya zo dubiya har sau biyu, ya ce zai jira zuwa bayan aikin Hajji. Idan hannu ya dawo, keken ɗinkinsa yana nan. Idan bai dawo ba, ba shi da yadda zai yi. Ni kuwa sai na ɗauka cewa zamanmu a garin da aka haife ni ya rataya ne a kan ƙirgena na safe da yamma. Na ƙara daga goma zuwa ashirin, har Baba ya riƙa cije leɓe.

Cikin watan Shawwal Abla Rabi ta zo gidanmu da kanta. Ta gaishe shi a ladabce, tana ce masa Malam, ta sa ya tashi ya taka, ta sa na motsa hannun tana kallo. Ta yaba masa, ta sha shayi, na raka ta. A tsakiyar matattakala ta tsaya ta dafa ni. "Ƙafar za ta ci gaba da sauƙi, in sha Allah," ta ce. "Hannun kuwa, ban so in yi miki ƙarya. Ki ci gaba don kada ya ƙage, amma kada ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba." Na ce to. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma yarda ba.

Baba ne ya kawo ƙarshen maganar da kansa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sa Malam Idi ya kawo masa babban almakashinsa da ƙyallen farin yadi. Aka shimfiɗa a ƙasa. Ni na sa masa yatsu a cikin zoben almakashin, na saki. Ya yunƙura, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa, amma bakin almakashin bai ko motsa ba. Ya sake, ya sake, sai almakashin ya sulale ya faɗi a kan yadin. Na kai hannu zan mayar masa, ya tare ni da hannun hagu. Ranar ce ya fara kallona ido cikin ido. "Ummi, ya isa haka," ya ce. "Kin yi abin da za ki iya. Allah ya yi miki albarka."

Saura mako huɗu a kammala darasin Abla Rabi muka bar Madina. Baba ya ce ba zai fita ƙasar ba sai ya yi umara. Motarmu ta tsaya a Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina, da hantsi, cikin hayaƙin manyan motoci da hayaniyar masu ɗaura harami. Malam Idi ne ya ɗaura masa nasa. Aka kawo keken guragu, ya ƙi hawa. Daga bakin mota har ƙofar masallaci da ƙafarsa ya taka, yana dogara sanda, yana jan ƙafar dama, hannun yana lilo a gefensa. Muna tsaye da Umma daga nesa muna kallonsa har ya shige cikin fararen kaya muka daina bambance shi.

Shekara bakwai ya yi a Katsina kafin Allah ya karɓi abinsa, hannun bai taɓa buɗewa ba. Ni ban koma wancan karatun ba, koyarwa na karanta, yanzu Larabci nake koya wa yara. A yau unguwarmu ma akwai wurin gashin ƙashi, da na'urori da motar ɗaukar marasa lafiya, nakan ga 'yan mata da fararen riguna suna fitowa suna hira, in rage tafiya in bi su da kallo. Mutane kan tambaye ni ko ina kewar Madina, in ce sosai. Amma ban cika gaya musu cewa abin da na fi kewa shi ne ɗan ɗakin nan na hawa na uku ba, lokacin da nake durƙushe a gabansa ina ƙirgawa, shi kuma yana haƙuri da ni. A lokacin ina tsammanin ni ce nake jinyarsa.