Rijiyoyi Bakwai da Tsohuwa Mai Cuku

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa, kuma ina jin ba zan manta da ranar ba ko da na tsufa a aikin nan. A daidai lokacin motarmu ta tsaya bakin wata rijiya a kan hanyar Tenhiya, na leƙa ta taga, ban ga kowa ba. Babu raƙumi, babu akuya, babu ko guga a rataye. Ciyawa ce shar har inda ido ya tsaya.

Ku da za ku fita istaj bana, bari in fara bayyana abin da ya kai mu can. Ina shekara ta biyu a makarantar kiwon lafiya aka tura ni istaj, wato zaman koyon aiki na wata uku, a yankin Tanut. Na tarar jiha ta umarci kowace gunduma ta rubuta shirinta na ranar da annobar mura za ta ɓarke: inda za a kwantar da marasa lafiya, inda za a ajiye sabulu da takunkumi, wanda zai sanar da wa, da wuraren da za a rufe. Babban likitanmu ya lura ba na magana amma rubutuna a tsare yake, sai ya ba ni shafin makiyaya. Aikina in nuna yadda saƙo zai kai gare su cikin rabin yini.

Mako uku na yi a ɗakin ajiyar takardu. Na bi rajistar rigakafi layi-layi, na fitar da rijiyoyi bakwai da aka saba samun makiyaya, kowace da sunan mai zangon da ke wurin. Na zana taswira da biro kala uku. A ƙasa na kwafe dokar da ke kan sauran shafukan: ranar farko, a rufe kasuwanni. Ban tambayi kowa komai ba, domin a lokacin gaisuwa ma da ƙyar take fita daga bakina.

Ba a karɓar shiri sai an gwada shi. Ana zaɓar rana a yi kamar annobar ta zo, wani daga Damagaram ya bi ku da agogo yana dubawa. Wadda aka turo mana ita ce Madam Zara'u, mace mai gilashi da ƙarancin dariya. Ta ce in na isar da saƙo ga masu zango biyar cikin bakwai kafin azahar, za ta sa hannu a shafina. In ba haka ba, a cire shi, kuma rahoton istaj ɗina a kan shafin nan kaɗai ya tsaya. Ma'ana in maimaita wata ukun.

Malam Ilu direba ya kashe mota ya juyo. Tun zuwana ya laƙa mini suna saboda kaye, wato littafin rubutun da ba ya barin hannuna.

"Malama Kaye, mun iso. Wa zan fara gaisarwa, rijiyar ko ciyawar?"

Na buɗe kaye na duba. Sunan rijiyar daidai, nisan daidai. Na ce a hankali, "Nan ne."

"Ai ban ce ba nan ba ne. Mutanen ne ba su karanta takardarki ba."

Madam Zara'u ta rubuta wani abu. Muka wuce ta biyu, muka isa goma saura minti biyar. Nan ma tsit. Na ɗaga waya sama ina neman rezo don in yi kira, babu. A gefen hanya na ga tafki cike da ruwa, na sake ganin wani a gabansa. Na koma kan kwanakin da na kwafo daga rajista. Dukansu na rani ne. Mu kuwa muna tsakiyar damina.

Muna tsaye sai ga wata tsohuwa a kan jaki, da ƙunshin cuku a kowane gefe. Na dubi Malam Ilu da fatan zai yi mata magana. Madam ta ce, "Shafinki ne. Ke za ki tambaya."

Na sauka. Na gaishe ta, ta amsa, na sake gaishe ta, har sau uku, don ban san yadda zan shiga maganar ba.

"Ɗiyata, lafiya lau nake tun gaisuwar farko," in ji ta. "Me kika ɓatar?"

Na karanta mata sunayen. Ta san kowa. Na ce ina neman su ne a rijiyoyinsu. Ta yi dariya har jakin ya kaɗa kunne.

"Da damina? Allah ya zubo ruwa kyauta a kowane kwari, wa zai tsaya jan igiya? Sun yi arewa. Inda suka kwana shekaranjiya ma yau ba nan suke ba."

Na tambaye ta yadda zan same su kafin azahar.

"Yau kasuwa ke ci can kan hanyar Belbeji. Wanda bai zo da kansa ba ya aiko ƙanensa. Ku biyo ni."

Malam Ilu ya ce ta shigo mota. Ta ce ba ta barin jakinta a daji don ta hau abin da bai san hanya ba. Haka muka bi bayanta, giya ta ɗaya, wajen minti arba'in. Malam Ilu yana ta mita: "Shekara ashirin ina tuƙi, yau jaki ne ke ba ni hannu." A madubi na ga Madam Zara'u ta rufe baki da takarda, kafaɗunta na motsi.

Sunan tsohuwar Inna Fati. Ta ɗaure jakinta ƙarƙashin itatuwan da ke bakin kasuwa, inda raƙuma ke durƙushe, ta ja hannuna zuwa rumfunan masu sukari da ganyen shayi. Ba ta buƙaci taswira ba. Ta riƙa nuna mini rawuna. Mai baƙin rawanin can shi ne na farko a takardata. Dogon da ke cinikin gishiri ƙanen na uku ne. Ga kowane na bayyana cewa gwaji ne, babu annoba, sannan na faɗi alamomin cutar da abin da za a yi wa mai zazzaɓi da tari. Na farko muryata ko ni ban ji ta ba. Zuwa na huɗu har na iya ɗaga kai. Ƙarfe ɗaya saura kwata na cika shida.

Na kai wa Madam kaye ina murmushi. Ta duba agogo, ta cire murfin biro, sai ta tsaya.

"Shida, kuma cikin lokaci. Amma karanta mini layin ƙarshe na shafinki."

Na karanta: ranar farko, a rufe kasuwanni.

"Yau kin same su don kasuwa na ci. Ranar annoba kin rufe ta da hannunki, rijiya kuma ba kowa. Ina za ki same su? Ba na sa hannu a shirin da zai yi aiki ranar wasa kaɗai."

Gaskiya ta faɗa. Barin kasuwa a buɗe ranar annoba tara mutane ne su yi wa juna tari. Na buɗe kaye, na rufe. A ranar na gane cewa rajista tana faɗin inda mutane suka taɓa zama ne, inda suke yau kuwa sai a bakin mutum ake jin sa. Ban jira a tura ni ba, na koma wurin Inna Fati, na durƙusa gaban tabarmar cukunta, na zayyana mata matsalar. Madam ta biyo ni ta tsaya a bayana, biro a hannu.

Inna ta gama ba wata mata cukunta tukuna, sannan ta dube ni.

"Ku rufe abinku, ɗiyata. Mu na daji wa zai gaya mana kun rufe? Ranar kasuwa za mu taso kamar kullum, ta hanyoyi ukun da ke shigowa kasuwar nan, mu sauka inda muke ɗaure dabbobi. Can za ku jira mu, ku tsaya nesa-nesa ku faɗi maganarku, kowa ya juya. Sai dai ku zo da mai sukari da ganyen shayi, kowa ya sayi nasa kafin ya koma. Wanda ya isa zango da sukari, kowa zai zauna ya ji abin da ya gani a gari. Wanda ya koma hannu rabbana kuwa, ko matarsa ba za ta tambaye shi labari ba."