Goron da Madugu Bawa ya jiƙa da ruwan teku

A gidanmu na Ƙarfi, da kaka ta yi, bayan sallar isha muke kewaye murhun kakarmu Iya Tabawa muna ɓarar gyaɗa, ita tana tura kara a wuta tana ba mu labari. Akwai guda ɗaya da ba ta fara shi sai ta taɓe baki tukuna.

"Ku matso, wannan ba tatsuniya ba ce," in ji ta. "Labarin kakana ne, Madugu Bawa, da jirginsa na banza."

Bawa shi ke jan ayarin fataken goro zuwa Gwanja, zamanin da wata Sarauniya ke mulkin Ingila. Wata shekara ya ji labarin jirgin ruwa mai hayaƙi da Turawa suka ƙera yana kai mutane da wasiƙu gari-gari a bakin teku. Sai ya ce wa mutanensa su koma gida da jakuna, shi zai gangara teku da huhunan goron kowa, ya sauka a Ikko, ya riga su isowa. Suka yarda, don madugu ne.

Iya ta tsani jirgin nan kamar ya taɓa zaginta. Ta ce buhunan wasiƙa ɗakinsu guda har da makulli, Turawa na sama a inuwa, baƙar fata kuwa an zube su a fili tare da awaki, hayaƙi na zuba musu toka a ka. Ruwan sha ma aunawa ake yi.

Shi kuma goro ba ya son ƙishirwa. Kullum sai an kwance ganye, an tsince mai tsutsa, an yayyafa masa ruwa mai daɗi. Bawa ya san haka tun yana yaro. Amma toka ta ɓata masa babbar riga da rawani, shi kuma ba zai sauka a Ikko kamar ɗan dako ba. Ya kwashe ruwansa na sha ya yi wanki, ya zura guga a teku ya jiƙa goron mutane.

Na taɓa cewa, "Iya, ko bai san akwai gishiri ba?"

"Kai, rufe min baki! Bai da harshe ne? Ya ɗanɗana ya tofar, sannan ya zuba."

Kafin su isa, goro ya yi baƙi ya yamushe. Bawa ya dawo gida fes da shi, hannu wofi. Ba wanda ya sake bin ayarinsa, amma har ya mutu yana ba da labarin bututun jirgi da ƙararrawarsa. Jirgin kuma, in ji Iya, da ya tsufa aka kwashe kujerunsa, aka ɗaure shi a bakin gaɓa ana tara kwal a cikinsa har tsatsa ta cinye shi. A nan Iya take yin dariya, mu ma mu kwashe.

Yanzu ba na dariyar. Bara wani ɗan baffana ya samo hoton wani tsohon jirgi a waya, ya buga shi ƙato ya rataya a shagonsa na hatsi a Funtua, yana gaya wa kowa kakanmu ne ya fara hawa teku a yankin nan. Takaici ya kama ni. Na tambaye shi sunan mutum ɗaya cikin masu goron da suka tako da ƙafa tun daga Gwanja. Bai san ko ɗaya ba. Ni ma ban sani ba, Iya ma ba a taɓa gaya mata ba.