Kulu Mai Keke da Rigar da Na Kai Aka Ɗinke

Kafin kowa ya san hannun Kulu a Dingyadi, ni na sani. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma taubashiyata ce, sallama kawai nake yi in faɗa. Shekara ashirin da wani abu, in an sallame asuba ta share tsakar gida, ta dama koko, ta jawo kekenta na ɗinki bakin ƙofar ɗaki inda haske ke faɗowa. Daga nan ƙarar keke ce har azahar.

Ni Ashiru ban shiga aji ba, amma ba a yi mini wayo. Agana ta kama ni ta sake ni. Na ga farin da ya share garken ubana. Rijiya ta rufta da mu uku, ni kaɗai na fito da ƙafata. Amma aikin matar ga har yau ban gane kansa ba.

Yadin roba take ɗinkawa, mai miƙewa in an ja shi, wanda teloli da yawa ke gudu don keke na tauna shi. Ita sai ta goga bakin allura bisa dutse ya dakushe, ta shimfiɗa takarda ƙarƙashin yadin ta ɗinke su tare, ta zo ta yage takardar. Na tambaye ta wa ke dakushe allura da gangan. Ta ce mai tsini tsinke zaren saƙar take, dakusasshiya kuwa tsakani take bi. Na ce to. Ban gane ba, amma ɗinkinta bai taɓa ɓallewa ba.

Shekara uku da sunka wuce Basira, matar jikana, ta haifi ɗan fari. Kun san kunyar ɗan fari. Ba ta ɗaukar shi gabanmu, balle ta ɗaga riga ta ba shi nono. Ga shi lokacin cirar albasa ne, surukai cike da tsakar gida ana warewa tun safe. Yaro na kuka, ita tana jiran a watse. Malamar asibiti ta auna shi ta ce yana ramewa. Ni da na ɗauke shi, wallahi kamar na ɗauki kurciya.

Kulu ta ji kukan ta kan katanga, ta ɗinka wa Basira riga ta ba ni in kai mata. Na buɗe bisa hanya. Gaban ninki biyu ne, ƙarƙashin na sama kuma tsaga biyu a buɗe. Na ce wayyo, idon Kulu ya fara tafiya, ta manta. Don in rufa mata asiri, ranar kasuwa na kai wa wani tela a Bodinga ya ɗinke su. Shi ma ya yarda mantuwa ce. Na dawo na miƙa wa Basira.

Kwana uku sai ga Kulu.

"Ashiru, wace akuya ta taɓa mini riga?"

"Gyara na yi miki, tsohuwa. Ƙofa biyu kin bari buɗe."

"To yaron ta taga zai sha?"

"Wane yaro?"

"Kai dai rijiyar ga ta taɓa maka kai. Miƙo mini reza."

Ta zauna ta warware ɗinkin zare-zare, ta ja Basira ɗaki. Da sunka fito, Basira ta zauna cikinmu da hijabinta tana ware albasa da hannu ɗaya. Na ce ina yaron, yau ban ji muryarsa ba. Kulu ta ce, "Ga shi nan gabanka yana cin abinci." Na duba, mace ce zaune rufe ruf. Ni na tashi na fita. Har yau ban sani ba, kunyar an kiyaye ta ne ko an karya ta. Na tambayi liman, ya yi dariya kawai.

Kulu, ke ce mai ba jinjiri abinci ba ki hura wuta ba. Mata sun zo miki daga Mandera, sun zo daga Shagari, masu shiga mota da goyo da malaman makaranta, ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Yanzu idon ya tafi da gaske, kin miƙa wa Basira keken, kina zaune gefe kina shafa ɗinki da yatsa kina cewa a warware. Na gode. Allah Ya saka miki, Ya sa ki gama lafiya. Ku kuma masu keke a ɗaki, ku je ku koya tun tana da bakin yi muku faɗa.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo Dingyadi ya tambayi gidan Ashiru. Zan kira yaron in ya yarda ya tsaya. Ka ɗaga shi da hannu ɗaya in gani.