Buhunan Yuriyar da Dikko Ya Ƙi Buɗewa

Dikko mutumin Funtuwa ne, ɗan manomin masara. Ya yi difloma a aikin gona, ya zo Dubai a 2009 yana zaton ofis za a ba shi. Ofis ina! Wani kamfanin shuke-shuke a Dubai Investments Park ya ɗauke shi, aka miƙa masa tiyo da malafa. Ni ma a nan nake, ina wanke tukwanen shuka kafin a kai su otal-otal, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Siriri ne, ba ya son magana, kullum shinkafa da wake a 'yar kularsa. Matarsa da yara uku suna gida. A hannunsa aka bar bishiyoyin Kirsimeti, masu ganye kamar allura, waɗanda otal-otal ke haya a Disamba.

A Oktoban 2012 bakin ganyensu ya fara ƙonewa. Manajanmu, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya leƙo daga cikin sanyin mota.

"Yunwa suke ji. Takin yuriya, kowace tukunya. Yalla, maza!"

Dikko ya ce, "Ranka ya daɗe, ba yunwa ba ce."

"Khalas, magana ta ƙare!" Manaja ya ɗaga gilashin motar.

Dikko bai zuba ko ƙwaya ɗaya ba. Ya jibge buhunan takin da aka kawo a bayan shagon ajiya ya rufe da tamfol. Ya janye tukwanen daga inda manyan motoci ke tsayawa suna hayaƙi, ya daina ba su ruwan da aka tace daga magudanar gari, ya koma shayar da su ruwan famfo har sai ya zubo ta ƙasa.

Bayan sati biyu aka gano buhunan. Manaja ya tara mu ya kira shi malalaci a gaban kowa, ya ce bizarsa da za ta ƙare a Janairu ba za a sabunta ba. Malalaci! Mutumin da ke riga kowa zuwa!

Na same shi tsugune yana duba saiwa. Na ce, "Kai Dikko, bishiyar gidanku ce? Ka zuba musu abinsu su mutu mana, kai ka tsira da bizarka."

"Yaya Rabi, ke ma masara kika ɗauke su? Masara ce ke haɗiye taki ta nemi ƙari. Waɗannan kaɗan suke ci. Ruwan magudana akwai naitirojin a cikinsa, sinadarin da ke cikin yuriya, hayaƙin mota ma haka. Abin da ya yi musu yawa tara shi suke a ganye, ba sa iya sarrafa shi, saiwa kuma ta yi rauni. Ga zafi, ga ƙishi. Ki ɗura wa mai ƙishi tuwo ki gani."

"To malam likita, ka faɗa wa matarka haka in ka sauka a Kano."

Ya yi dariya, amma ranar kularsa a rufe ta koma.

Ni na kasa haƙuri. Da injiniyar kamfanin, wata 'yar Sudan, ta zo zagaye, na tare ta da guntun Larabcina na ce kafin a kori bawan Allah a gwada ganyen. Ta kalle ni, ta kalli bishiyoyin, ta tsinki ganye ta zuba a ambulan.

Kwana tara muna jira. Dikko har ya fara tambayar kuɗin kago na kayansa.

Sakamakon ya ce naitirojin ya yi yawa a ganyen, wasu sinadaran kuma sun yi ƙaranci. Injiniya ta ce da an ƙara yuriya da ba a kai ko tukunya ɗaya otal ba. A lokacin ma sabon toho ya fara fitowa, kore shar.

Manaja bai ba shi haƙuri ba, har yau abin na ci mini rai. Ya dai aiko a karɓi fasfo ɗinsa a kai sabunta biza. Dikko ya miƙa, ya zauna a kan bokiti ya kira matarsa a Funtuwa. Ina ji yana cewa, "Khadijatu, ki bar share ɗakin nan, ba yanzu zan dawo ba."