Iliyasu da bindigar da ke cin iska

Shekara bakwai ke nan da muka raka Iliyasu makwancinsa a ƙauyenmu da ke gefen Keita, amma har yau in na tuna shi, dariya ke riga hawaye zuwa. Abokina ne tun muna yara ƴan lekol. Ni na zama malamin makaranta, shi ya shiga aikin gandun daji, ya ƙare ƙuruciyarsa wajen dasa itace da jera duwatsu a tuddan Adar.

Itacen suka kama, daji ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Zomaye da zabin daji suka cika kwari, dila ya biyo su. Wata shekara diloli biyu suka koyi cin ƴan awaki. Yayarsa Hadiza, wadda da awaki take riƙe marayunta, ta fi kowa asara. Maharba sun yi kwanto sun gaji, don bindigarsu sai an matso kusa, dilolin kuwa ba su yarda a matso. Sai jama'a suka taru gaban maigari, aka ce a zuba guba cikin mushe a yar a daji.

Iliyasu ya miƙe ya ce guba ba ta zaɓe. Ungulu za ta ci, karnukan makiyaya za su ci, ruwa in ya sauka ya kai saura tabki.

"To mi za mu yi, Iliya?" in ji Hadiza. "In zamna ina kallo su ƙare mini garke?"

"Yaya, ki tsare su gida, ni zan kawo harawa. Ki ba ni zuwa kaka."

Daga ranar ya kamu da zancen bindigar iska. Kullum bayan la'asar yana ƙofar gidana da salula a hannu, idanunsa na ƙyalli. Ba ta cin albarushi, in ji shi, iska ake dura mata a tulu har ta matsu, ita ke tura harsashin darma. Ƙananan bindigogin ya ture su gefe, ya ce na kurciya ne. Ya zaɓi mai babban baki, wadda harsashinta ya kai kan ƙaramin yatsa. Ya yi ta zirga-zirga Yamai har izini ya fito, sannan ya sa aka aiko ta. Ta sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta biyo kamiyo, babbar motar kaya. Ya ba ni labarin yadda ma'aikatan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, suka kewaye akwatin suna tambaya ina wuta take shiga, shi kuwa ya tsaya yana yi musu darasi har direba ya fara hon.

Ran gwajin farko rabin ƙauye ya biyo mu bayan gari. Ya zana da'ira da gawayi a jikin allo, ya kwanta, ya harba. Harsashi ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi hagu, wani ma allon bai taɓa ba. Aka bushe da dariya. Wani tsoho ya ce a koma zancen guba. Na dubi abokina ina jin kunya a madadinsa, sai na ga murmushi yake.

"Hamidu, yanzu aiki ya yi daɗi," in ji shi. "Ba ta san ni ba, ban san ta ba."

Ni ne mai buga famfon dura mata iska, kuma har yau kafaɗuna ba su manta ba. Abu guda yake canjawa a yini, ba ya haɗa biyu. Ya gano wani kusa na madubin hange yana sassautawa, ya ɗaure shi. Ya gano in tulu ya cika maƙil harbin farko ƙasa yake yi, na tsakiya su ke bin juna, sai ya daina cika shi. Ya gano in ta sha rana iskar cikinta na ƙara ƙarfi, ya ɗinka mata riga da tsohon bargo. Harsasai ya ɗora su a ƙaramin sikeli, ya ware masu nauyi ɗaya. Ya riƙa murɗa sifirin da ke daidaita ƙarfin harbinta kaɗan kaɗan, ya kafa sanda da tsumma don ya karanta iskar kwari. Gero kuwa yana ta nuna, harawa na ƙarewa, Hadiza ta daina amsa gaisuwarsa da fara'a.

Wata safiya ramukan harbinsa suka taru wuri guda, har gindin kofin shayi ya rufe su. Iliyasu, babban mutum mai furfura, ya ajiye bindiga ya taka rawa cikin ƙaya, takalmi ɗaya ya fita.

Cikin makon aka saki awaki da hantsi, muka laɓe bayan duwatsu. Dila ya ɓullo can nesa, ya tsaya yana sunsuna iska. Ƙarar ba ta wuce ta buga ƙyaure ba, ya faɗi nan take. Na biyun ya biyo baya kafin a gama yankan gero. Hadiza ta zo da ƙwaryar fura da cuku, ta dire gabansa ta ce, "Sha, mai taurin kai." Bayan waɗannan biyu bai ƙara harbin wata dabba ba, sai allo.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zamanin nan. Na ji yanzu akwai madubin da ke ganin zafin jikin dabba, da injin dura iska mai aiki da hasken rana. Da yana raye, da ya hana ni sukuni da zancensu, ni kuma da na yi murnar hutawa da famfo. Amma na san zai yi baƙin cikin yadda kalmar bindiga ta zama abin da ke tsinka zuciya a ƙasar nan, har mutum ba ya faɗinta da ƙarfi a tasha.

Bayan rasuwarsa iyalinsa suka miƙa ta ga jandarmomi, tunda izinin da sunansa yake. Ba mu riƙe komai nata ba. Abin da ya bar mana yana waje: kwarin nan cike yake da kukan zabi, ungulu na shawagi bisa tuddai, kuma sauran dilolin da ba su yi wa kowa laifi ba suna nan suna hayayyafa. Ba a taɓa zuba guba a dajinmu ba. Allah ya sa kabarinka ya fi inuwar itacenka sanyi, Iliya.