Lemon da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Mai Tsani kowa ke ce masa, har surukansa. Aikinsa gyaran rufin da ke yoyo, kuma tun yana saurayi ba a ganinsa sai da tsani a kafaɗa, da gwangwanin kwalta a hannu, da guduma soke a ƙugu. Gajere ne, rana ta ƙone masa ƙeya. Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa kiransa aiki ya sani: in ya hau rufi ya sauko, kafin ya kakkaɓe hannunsa sai ya faɗa wa mai gida duk abin da ya gani a sama. In ƙusa ɗaya ce ta saki, zai ce ƙusa ɗaya ce, ko da mai gidan ya riga ya ɗaura niyyar sayen sabon kwano. Abokan sana'arsa na yi masa tsiya, wai shi kaɗai ne ke hawa sama don ya kori abincinsa.

Matarsa, Uwar Tagwaye, ba ta taɓa taya su dariyar ba, don ita ta san abin da halin nan yake jawowa. Tun da aka kawo ta a gidan haya suke, daga wannan zuwa wancan. Ta aurar da tagwayenta mata a tsakar gidan wani. Da keken ɗinkinta ta riƙe rabin gidan. Kuma duk inda suka koma akwai abin da ba ta bari a ɗora a mota: wani lemon tsami da ta shuka a tsohon bokitin fenti, shekarar da ta yaye yaran. A hannu take ɗaukarsa. Duk shekara sai ta zare shi ta datse masa saiwa don ya ci gaba da zama a bokitin. Bai taɓa yin 'ya'ya ba.

"Ki ba wani mai fili ya dasa mana," in ji Mai Tsani.

"Malam, ka bar min lemona. Ƙasarsa yake jira."

Furfura ta riga ta cika musu kai lokacin da abin da suka daɗe suna tarawa ya yi ɗan kauri. A wannan shekarar kuma mai gidan hayarsu ya ba su notis, wai ɗansa zai yi aure. Ana cikin haka wani tsohon direba, wanda Mai Tsani ya sha toshe masa yoyo, ya ce zai sayar da gidansa ya koma wurin 'ya'yansa. Farashin da ya faɗa bai wuce ƙarfinsu ba. Ya ce ya ba su zuwa ƙarshen wata.

Suka je gani. Ɗaki biyu ne da kicin, da tsakar gida wadda ba a yi mata siminti ba. Mai Tsani ya ɗaga kai yana kallon silin, ita kuwa ta durƙusa ta damƙi ƙasar kusurwar gabas, ta murza ta a yatsu. Baƙa ce, mai laushi. Ta goge hannunta a gefen mayafi.

A hanyar fita ne idonta ya kama wani abu. Gidajen layin da yawa a rufe suke, ba igiyar shanya, ba takalmi a bakin ƙofa. Kuma kwaɗon da ke jikin kowace ƙofa iri ɗaya ne, sabo, mai ruwan tagulla, kamar daga kwali ɗaya aka ciro su.

"Malam, ka ga kwaɗunan nan?"

"Kwaɗo ai kwaɗo ne."

"Mutane daban-daban ba sa sayen kwaɗo iri ɗaya. Kuma gida mai kyau haka, me ya sa yake da araha? Kada mu zuba guminmu a rami. Ka je ofishin filaye ka duba yadda aka yi ta sayar da gidajen layin nan."

Ya yi ƙorafin zai rasa aikin yini, amma ya je. Ya sha zama a benci, aka tura shi wannan taga aka mayar da shi waccan, har wata ma'aikaciya mai gilashi ta ji tausayinsa ta buɗe masa rajistar unguwar. Abin da ya ba matarsa labari daga baya shi ne, gidajen duk cikin ɗan lokaci aka sayar da su, duk a wulaƙance, duk ta hannun dillali ɗaya, kuma mai saye ɗaya ne. Da ya tambayi ma'aikaciyar ko rusau za a yi, sai ta sauke gilashinta ta dube shi.

"Baba, kai ma an faɗa maka haka? Ba rusau a layin nan." Ta shimfiɗa taswira ta bi da yatsa. "Ga inda sabuwar hanya za ta wuce, ta bayansu. Ba gidan da za ta taɓa. Mai gida a nan ma ya gode Allah, nan gaba kaɗan sai mai hali zai iya sayen wurin."

Ashe dillalin ne ke bi gida-gida yana raɗa wa mutane cewa su sayar kafin a zo da motar rusau, ubangidansa kuma yana kwashewa.

Daga ƙofar ofishin Mai Tsani ya kira ta a waya ya faɗa mata. Uwar Tagwaye tana kan keke, ta ɗauke ƙafarta, ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji. Gida lafiyayye, ba rusau, ba rikici. Ta dubi lemon a bakin ƙofa.

"Alhamdu lillahi. Malam, ka taho gida kai tsaye. Ka ji ni? Kai tsaye. Gobe da safe mu kai masa kuɗinsa."

"To," ya ce.

La'asar ta yi, bai dawo ba. Sai gab da magariba ta ji ƙarar tsani yana gogar bangon zaure. Ya shigo ya jingine shi a hankali, ya daɗe yana wanke hannun da ba shi da datti. Ta tsura masa ido.

"Ina ka tsaya?"

"Na biya ta gidan ne. Na ce bari in ƙara duba rufin kicin ɗin, tun da namu zai zama."

"Ka hau?"

"Na hau."

"Ka sauko."

Ya ci gaba da murza hannunsa a ruwa.

"Malam, da ka sauko, me ka ce wa tsohon nan?"

"Yana riƙe min da tsani. Ya ce, ɗana, me ka gani? Na ce Baba, kwanon nan zai ƙara shekaru. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, me amfanin kwano mai kyau a gidan da za a rushe? Ya ce in ba don rusau ba, shi da gidan nan sai dai a fitar da gawarsa. Uwar Tagwaye, idonsa cike da ƙwalla. Yana kallona."

"Sai ka faɗa masa."

"Tambayata ya yi."

"Kwano ya tambaye ka! Kwano! Wa ya aike ka da labarin taswira?"

Ya zauna a kan turmin da take ɗora kwanuka, ya sunkuyar da kai. Ya ce tsohon ya rungume shi, ya yi ta sa masa albarka, ya ce ciniki yana nan yadda yake, sai dai zai ɗan yi shawara da yara.

"Yara," ta maimaita. Ta tashi ta yi alwala.

Abin da ya fi ci mata rai a kan sallayar nan shi ne ta rasa yadda za ta kai ƙararsa. Ta buɗe baki ta ce ya Allah ka ga abin da bawan nan naka ya yi min, sai maganar ta maƙale. Me ya yi? Da ya yi shiru sun karɓi gidan a farashin ƙaryar dillali, ta san da wace fuska za ta riƙa kallon kusurwar gabas ɗin. Ta sani sarai. Amma sanin bai rage mata komai ba. Kuma ita ce ta ga kwaɗunan. Ita ta tura shi.

Babban ɗan tsohon ya iso cikin makon, da mota mai baƙin gilashi. Shi ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe su da ladabi.

"Mama, ba mu da bakin godiya. Baba Mai Tsani ya ceci mahaifinmu daga hannun ɓarayi. Gidan kuma ku muka fara yi wa tayi, kafin kowa."

Ya faɗi sabon farashin. Uwar Tagwaye ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Ɗan nan, ko ni da keken da tsanin za a haɗa a sayar, ba mu kai ƙofar ba. Ka gaida Baba."

Ya ajiye musu kwalin sabulu da turmin atamfa, ya tafi. Atamfar tana ƙasan akwati har yau, ba ta sa mata almakashi ba.

Tsohon da ya ce sai gawarsa, bai cika shekara ba yaran suka ɗauke shi, suka sayar wa mai kwaɗunan nan dai gidan, a farashin da ya gamshe su. Da za a rushe gidan a gina shaguna, aka nemi wanda zai cire kwanon ba tare da ya lalata shi ba. Aka ce ai ba kamar Mai Tsani. Ya je ya cire, aka biya shi ladan yini. Ya dawo yana faɗin cewa ko ɗaya bai huje ba, sai ya ga fuskarta, ya haɗiye sauran.

Yanzu a bene suke haya, ɗaki ɗaya a hawa na biyu, ƙarshen baranda. Gwiwarsa ta fara ba shi wahala, amma har yanzu ana kiransa, har yanzu yana saukowa ya faɗi abin da ya gani. Mutanen unguwa in suna yabonsa a gabanta, cewa irin mijinta ya yi ƙaranci a duniya, takan ce, "Haka ne," ta ci gaba da taka kekenta. Ba ta ƙara tayar masa da maganar ba. Tana zuba masa abinci, tana shafa masa man zafi a gwiwa.

Ranar da suka tare, sabon mai gidan ya tsaya a matakala yana kallonta tana hawa da bokitin a rungume, tana hutawa a kowace kwana.

"Mama, ban da zuba ruwa a baranda fa. Yana ɗiga wa na ƙasa."

"Na ji, ɗana."

Mai Tsani yana bayanta da kan keken a kafaɗa. Ya ce, a hankali, ko za ta bari ya kai lemon gidan ɗaya daga cikin tagwayen, tun da mijinta yana da ɗan fili.

Ba ta juyo ba. Ta ajiye bokitin a kusurwa, ta sa masa tsohon faranti a ƙasa don ya tare ruwa. Saiwa ɗaya ta riga ta fasa gindin robar ta leƙo, fara, tana neman inda za ta shiga a kan siminti.

"Malam," ta ce, "miƙo min almakashi."